Lambar Waliyyi a Wuyan Maƙwabci: Ado Ce Ko Laya?

Daga Wakilinmu a Birnin Kebbi

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama ofis ɗaya da ɗan ɗariƙar Katolika a Birnin Kebbi, ko ɗalibin da ya taɓa haɗa ɗakin kwana da shi a Argungu, da wuya a ce bai taɓa lura da wata 'yar siririyar sarƙa ko zare a wuyan abokin nasa ba. Idan zafin bazara ya tsananta, mutum ya ɓalle maɓallin wuyan rigarsa domin ya sha iska, sai ka hangi wani ɗan farin ƙarfe yana reto, girmansa bai kai na tsohon kwabo ba, an zana siffar mutum a jikinsa, an kewaye ta da ƙananan haruffa. Yawancinmu mukan gani mu kawar da kai, saboda kunya ko gudun kada tambaya ta zama abin ɓacin rai. Sa'an nan kowa ya tafi da fassararsa a zuciya. Wani ya ce ado ne irin na mata, wani ya ce layar Kirista ce, wani kuma ya ce gunki ne aka rataya a wuya.

To, masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata. Tun da yake da mai lambar da mai kallonta suna cin albashi daga baitulmali ɗaya, suna zama ajin karatu ɗaya, suna kuma shan ruwan kogi ɗaya, ya kamata a san mene ne wannan abu a wurin masu shi, ko da kuwa ba a yarda da abin da suka yarda da shi ba.

Yadda Ta Iso Ƙasar Kabi

Birnin Kebbi, fadar Sarkin Gwandu, da Argungu, fadar Sarkin Kabi, garuruwa ne na Musulmi tun kaka da kakanni, kuma har yau mafi yawan mazaunansu Musulmi ne. Kiristocin da ke cikinsu galibi aiki ko fatauci ko karatu ne ya kawo su, wasu daga Kudancin ƙasar nan, wasu daga Filato da Binuwai da Kudancin Kaduna, wasu kuma 'yan gida ne daga ƙasar Zuru da Yawuri. Adadinsu ya ƙaru bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ran 27 ga watan Agusta na 1991, aka mai da Birnin Kebbi hedkwata, ma'aikatun tarayya da bankuna da manyan makarantu suka buɗe ƙofofinsu. Haka nan shirin yi wa ƙasa hidima, wanda aka fara a 1973, yana kawo sababbin fuskoki kowace shekara.

Amma tarihin cocin Katolika a wannan yanki ya girme wa jihar. A 1951 waɗansu limamai na ƙungiyar Dominikan suka iso Ikko daga Amurka, suka zauna a Yaba. A 1953 Fadar Paparoma ta keɓe yankin Sakkwato da Katsina ta danƙa musu, a ƙarƙashin Fada Edward Lawton, wanda ya fara zama a Gusau. A 1964 yankin ya zama cikakken dayosis, watau ƙasar da bishop yake shugabanta, Lawton ya zama bishop na farko. Ya rasu a 1966, shekarar da rikici ya sa dubban 'yan Kudu suka bar Arewa, majami'u da yawa suka zama kusan wayam. Michael Dempsey ya gaje shi, daga baya Kevin Aje, sa'an nan a 2011 aka naɗa Matthew Hassan Kukah. Kudancin Jihar Kebbi kuwa, wajen Zuru da Yawuri, yana ƙarƙashin Kwantagora, wadda ta zama dayosis a 2020.

Sawun waɗannan limamai na farko bai ɓace ba, domin yana nan a sunayen majami'un da suka bari. Ta Birnin Kebbi tana ɗauke da sunan Dominik, wanda ya kafa ƙungiyarsu, mutumin Sifen da ya rasu a 1221. Ta Katsina sunan Martin de Porres take amsawa, ta Malumfashi kuma Vincent Ferrer, dukansu 'yan wannan ƙungiya ne. Kowace majami'a da waliyyinta, kamar yadda kowane mai bi yake da nasa. Daga nan ne zancen lamba ya samo asali.

Takwara a Sama

Bahaushe ba baƙon wannan tunani ba ne gaba ɗaya. Ran suna, uba yakan zaɓa wa ɗansa sunan wani annabi ko sahabi ko wani malami na gari, da fatan yaron ya ɗauko halin mai sunan. Idan kuwa mai sunan yana raye, ya zama takwara, yana da haƙƙi a kan yaron, yaron ma yana da haƙƙi a kansa. Ɗan Katolika ma haka yake yi ran da aka yi wa jariri baftisma. Ana ba shi sunan wani daga cikin mutanen da cocin ya tabbatar sun yi rayuwa ta tsarki, su ne ake kira waliyyai, wannan kuma ya zama majiɓincinsa. Bitrus, Yusufu, Bulus, Maryamu, Tereza, Monika, duk irin waɗannan sunaye ne.

Bambancin da ke akwai shi ne 'yan Katolika sun gaskata cewa waliyyin da ya mutu yana raye a wurin Ubangiji, yana kuma iya yi wa na duniya addu'a, kamar yadda mutum yakan ce wa dattijon kirki ya sa shi a addu'a. A koyarwarsu, sujada da bauta na Allah ne shi kaɗai, waliyyi girmamawa kawai ake yi masa. Taron manyan limamai da aka yi a Nikiya, a ƙasar Turkiyya ta yanzu, a shekara ta 787, shi ne ya yanke cewa girman da aka ba hoto yana wucewa ne zuwa ga mai hoton. Taron Trento na ƙasar Italiya ya sake jaddada haka a 1563, ya kuma yi gargaɗi kada kowa ya zaci akwai wani iko a cikin hoton kansa.

Ba sai an faɗa ba, Musulunci bai yarda da sassaƙa siffar annabawa ko bayin Allah ba, balle a rataya ta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba dukan Kirista ne suka yarda da ita ba. Tun daga tawayen Martin Luther a 1517, majami'un da suka ɓalle daga Rum suka bar roƙon waliyyai. Saboda haka ɗan ECWA ko ɗan Baptis da ke Zuru yana iya sa gicciye, amma ba za ka gan shi da lambar waliyyi ba. Wanda ya ga lamba a wuyan mutum, to, kusan ko yaushe ɗan Katolika ya gani.

Ire-iren Lambobin

Ran Lahadi bayan an tashi daga addu'a, a bakin ƙofar kusan kowace majami'ar Katolika akan sami ɗan tebur da aka baje littattafai da kyandir da carbi da lambobi. Mafi yawansu na sanholo ne ko farin ƙarfe mai araha, wanda ɗalibi ma zai iya saye. Akwai na azurfa da na zinariya ga masu hali, irin waɗanda akan ba amarya ko yaron da ya fara karɓar jibin Ubangiji. Idan ka juya bayan da yawa daga cikinsu za ka ga an buga sunan Italiya, domin can ne aka fi ƙera su.

Wadda ta fi kowace yawa ita ce lambar Maryamu, uwar Yesu Almasihu, wadda Musulmi suka sani da Nana Maryam mahaifiyar Annabi Isa. Siffar ƙwai gare ta. A gaba an zana mace a tsaye bisa duniya, haske yana fita daga hannuwanta. A baya akwai harafin M da gicciye a kansa, da zukata biyu, da taurari goma sha biyu. Asalinta daga Faransa ne. A 1830 wata sista mai suna Catherine Labouré ta ce ta ga wahayin wannan siffa a wani ɗakin addu'a a birnin Paris. An fara buga lambar a 1832, shekarar da cutar kwalara ta addabi birnin, jama'a suka yi ta karɓarta, har suka sa mata suna lamba mai al'ajabi.

Ta biyu ita ce ta Benedik, wani zahidi na Italiya da aka haifa wajen shekara ta 480. Ita zagayayya ce, cike take da haruffa, kowane harafi farkon kalma ne na wata addu'ar neman tsari daga Shaiɗan da harshen Latin. Siffar da aka fi sani yanzu an buga ta ne a 1880 a gidan zuhudu na Monte Cassino, don tunawa da cika shekara 1,400 da haihuwarsa.

Direbobi da matafiya kuwa sun fi son ta Kiristofa, wanda ake zana shi ƙato, riƙe da sanda, yana haye kogi da yaro a kafaɗarsa. Wanda ya san halin hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega da Yawuri ba zai yi mamakin ganinta a rataye a madubin mota ba. A 1969, zamanin Paparoma Paul na Shida, an cire ranar bikinsa daga babbar kalandar cocin, saboda labarinsa ya fi kama da hikaya. Ba a dai soke waliccinsa ba, direbobi kuma ba su rabu da shi ba.

Akwai kuma wata da zafin ƙasashe irin namu ya taimaka wajen haifar da ita. Da can masu ibada sukan rataya waɗansu ƙananan ƙyallaye biyu na ulu, ɗaya a ƙirji ɗaya a baya. A ƙasar gumi da ƙura, ƙyallen ba ya daɗewa sai ya ruɓe. A 1910 Paparoma Pius na Goma ya ba da izni a sa lambar ƙarfe a madadinsa. Abin dariya a nan shi ne, wannan ƙyalle mai zare shi ne ya fi komai kama da layarmu a ido.

A 'yan shekarun nan fuskokin baƙar fata sun fara bayyana a teburan. Akwai Martin de Porres, ɗan wata 'yantacciyar baiwa, wanda aka haifa a Lima ta ƙasar Peru a 1579, ya ƙare rayuwarsa yana jinyar matalauta, aka tabbatar da waliccinsa a 1962, kullum ana zana shi da tsintsiya a hannu. Akwai Josephine Bakhita, wadda aka sace tana yarinya a Darfur, aka sayar da ita baiwa sau da yawa, ta rasu a Italiya a 1947, aka tabbatar da ita a shekara ta 2000. Akwai kuma ɗan ƙasarmu, Fada Cyprian Tansi, wanda Paparoma John Paul na Biyu ya ɗaga shi zuwa matakin da ke ƙasa da na waliyyi sa'ad da ya ziyarci Nijeriya a 1998. Ita kanta Nijeriya, a wurin 'yan Katolika, majiɓincinta shi ne Patrick na ƙasar Ailan, saboda yawan limaman da suka zo daga can.

Carbinsu kuma, wanda suke kira rosari, al'adarsu ta danganta shi da Dominik. Yana da ƙwaya 59, an kasa 50 daga ciki gida biyar, goma goma, da gicciye a ƙarshe. Kayan lissafin addu'a ne kamar tasbaha, ko da yake matasa da dama sukan rataya shi a wuya.

Masuncin Galili a Garin Masunta

Ɗan Katolikan da aiki ya kai shi Argungu yakan sami wani abin da zai tuna masa da littafinsa. Garin ya yi suna a duniya saboda bikin kamun kifi, wanda aka fara a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, aka binne tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na duniya. Wanda ya tsaya a bakin Matan Fada ya ga dubban maza sun ruga cikin ruwa da homa da gora, ya ga sana'ar da, bisa ga Linjila, ita ce sana'ar Bitrus da ɗan'uwansa Andarawus a tafkin Galili kafin su bar tarunansu su bi Almasihu.

Saboda haka Bitrus ne majiɓincin masunta a wurin 'yan Katolika, ranarsa kuwa 29 ga watan Yuni. A lambarsa akan zana shi riƙe da mabuɗai. Suna ɗaukarsa shi ne Paparoma na farko, shi ya sa kowane sabon Paparoma ake ba shi zobe mai suna zoben masunci, wanda ake soke hatiminsa idan mulkinsa ya ƙare.

Kada mai karatu ya fahimci cewa masuntan Kabi suna da wata alaƙa da wannan lamba. Su Musulmi ne, suna da Sarkin Ruwansu da al'adunsu na gado. Abin lura kawai shi ne, baƙon da ke tsaye a gefe yana kallo, da Bitrus a wuyansa, ba raina sana'ar yake yi ba. A addininsa, masunci ne aka ba mabuɗai.

Shin Laya Ce?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun jama'a, amsarta kuma kashi biyu ce. A koyarwar cocin, lamba ba ta da ikon komai a karan kanta. Tunatarwa ce ga mai ita cewa ya yi alkawari, yana kuma da wanda zai yi koyi da shi. Littafin koyarwar addini da Fadar Paparoma ta fitar a 1992 ya bayyana cewa duk wanda ya jingina amfani ga abu ko ga furta kalmomi kawai, ba tare da gyaran zuciya ba, ya faɗa cikin camfi, camfi kuwa zunubi ne. Bayan an sayi lamba akan kai wa Fada ya yi mata addu'ar albarka, ya yayyafa ruwa. Ƙarfen ake saye da kuɗi, albarkar haramun ne a sayar da ita. Wadda aka yi wa albarka kuwa, idan ta lalace, ba a jefa ta a juji, akan binne ta, kamar dai yadda Musulmi ba ya barin takarda mai ayar Alƙur'ani a ƙasa.

Wannan ke nan a littafi. A aikace kuwa, ɗan Adam ɗan Adam ne. Akwai uwar da za ta maƙala wa jariri lamba a riga da irin zuciyar da kakarta take ɗaura guru. Akwai direban da zai rataya Kiristofa a madubi, sa'an nan ya taka mota da tayoyin da suka suɗe. Akwai ɗalibin da bai buɗe littafi ba duk zangon karatu, ran jarrabawa ya damƙe lamba a hannu yana jiran al'ajabi. Limamansu sun daɗe suna faɗa da wannan hali a kan mumbari, kamar yadda malamanmu, tun daga zamanin Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahin Gwandu, suka yi ta faɗa da masu gauraya addini da tsafi. Kowane gida da irin tasa ƙurar, kowa kuma ya san inda tsintsiyarsa take.

Ashe ke nan wanda ya ce laya ce bai faɗi abin da cocin yake koyarwa ba, amma ya taɓo abin da waɗansu mabiya suke aikatawa. Wanda kuma ya ce ado ne kawai, bai san cewa sau da yawa wannan ɗan ƙarfe shi ne abin da tsohuwa ta cire daga wuyanta ta sa wa ɗanta a tashar mota, ran da aka tura shi aiki wata jiha mai nisa da bai taɓa gani ba. Kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa ba, amma idan ta ɓata, mai ita yakan kwana bai runtsa ba.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Me ya sa jarida za ta ɓata tawada a kan abin da bai kai kwabo girma ba? Dalili shi ne, a ƙasar nan manyan gobara daga ƙananan tartsatsi suke tashi. Ba mu manta da watan Mayu na 2022 ba, sa'ad da aka kashe wata ɗaliba a kwalejin horon malamai ta Sakkwato bisa zargin saɓo, tarzoma ta biyo baya, aka farfasa tagogin babbar majami'ar Katolika ta garin, gwamnati ta sa dokar hana fita. Daga Sakkwato zuwa Argungu tafiyar 'yan sa'o'i kaɗan ce ba ta kai ba. Irin wannan fitina takan sami wurin zama ne a inda mutane suke kwana ɗaki ɗaya shekara da shekaru, amma babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa yake girmamawa.

Saboda haka akwai haƙƙi a kan kowane ɓangare. Ɗalibi ko ma'aikaci Musulmi ba a ce ya yarda da lamba ba, addininsa ya riga ya yi masa iyaka. Abin da ake nema gare shi shi ne kada ya fizge ta da sunan wasa, kada ya mai da ita abin ba'a a ɗakin kwana, idan kuma ya tsince ta a bakin famfo ya mayar wa mai ita. Shugaban makaranta ko na ofis da yake da dokar hana sa sarƙa, ko a ɗakin gwaje-gwaje, ko a asibiti, ko a filin fareti, sai ya bayyana dalilin dokar, ya kuma zartar da ita a kan kowa daidai wa daida, mai lamba da mai laya da mai zobe. Shi kuma mai lamba ya tuna a ƙasar wa yake zaune, ya girmama masallaci da azumi da kunyar mutanen gari, ya kuma sani cewa maƙwabtansa ba za su karanta tarihin waliyyinsa ba, halinsa za su karanta. Wanda ya rataya Martin mai tsintsiya a wuya, sa'an nan ya karɓi cin hanci kafin ya sa hannu a fayil ɗin talaka, ya ci amanar takwaransa kafin ya ci ta gwamnati.

Kabawa da Sakkwatawa sun shafe kusan shekara ɗari suna yaƙi, amma aka wayi gari suka zauna a bakin kogi ɗaya suna kallon masunta. Jikokinsu ba za su kasa zama da baƙon da ya zo da ɗan ƙarfe a wuya ba. Zaman lafiya, in ji Hausawa, ya fi zama ɗan sarki. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.